AWON CUTUTTUKAN NUMFASHI DA TSINKEN AUDUGA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan ɗan littafi domin Hakiman Masarautar Dutse da malamansu, watau na ƙasashen Dutse da Kiyawa da Jahun da Miga da Birnin Kudu da Buji da Gwaram, da kuma sauran makwabta na tsakiyar Jihar Jigawa. Nufinsa shi ne ya bayyana wani aiki da ma'aikatan lafiya kan zo su yi a ƙauyuka idan cuta ta ɓulla. Aikin kuwa shi ne shafo maƙogwaron majiyyaci ko cikin hancinsa da ɗan tsinke mai auduga a kai, a kai ɗakin awo a duba. A ido aikin ƙarami ne, ba ya cin minti biyu. Amma sau da yawa talakawa kan ƙi shi saboda rashin sanin manufarsa, har a ɓoye yara a bayan rumbu idan an ji ƙarar babur ɗin malamin asibiti. Hakimin da ya fahimci al'amarin shi ne zai iya fahimtar da dagatai da masu unguwanni, su kuma su fahimtar da masu gida.

1. Dalilin awo

Cututtukan da kan kama hanci da maƙogwaro da ƙirji suna da yawa, ga shi kuwa farkonsu duk kusan iri ɗaya ne. Mura da mashaƙo da tarin shiƙa da korona da murar tsuntsaye duk sukan soma da zazzaɓi, da ciwon wuya, da tari ko yoyon hanci. Likita ko da ya ƙware ba kullum ya ke iya rarrabe su da ido kaɗai ba. Maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne, haɗarinsu ma ba ɗaya ba ne. Mai mura yakan warke da kansa cikin mako guda. Yaro mai mashaƙo kuwa yana iya rasuwa cikin 'yan kwanaki, ya kuma bar cutar ga ƙannensa.

Ƙwayoyin da ke haddasa waɗannan cututtuka iri biyu ne manya. Akwai waɗanda a ke kira bakteriya, su ne masu kawo mashaƙo da tarin shiƙa da tarin fuka. Ana ganinsu da madubin likita, suna kuma mutuwa da magunguna irin su fenisilin. Akwai kuma waɗanda a ke kira bairas, masu kawo mura da korona. Su ƙanana ne ƙwarai, madubin likita na yau da kullum ba ya nuna su, fenisilin da danginsa kuma ba sa yi musu kome. Wanda ya ba mai mura kafso ya yi asarar kuɗinsa, wanda kuma ya hana wa mai mashaƙo ya yi asarar rai. Saboda haka dole a san wace ƙwaya ce ta shiga. Ƙwayar kuwa tana zaune cikin majina da yawun da ke lulluɓe da maƙogwaro da ƙuryar hanci. Aikin tsinken auduga shi ne ya ɗebo kaɗan daga ciki. Wannan ɗan abin da aka ɗebo shi a ke kira samfur.

2. Abin da ƙasar nan ta gani

Dattawa sun ji labarin babbar murar nan ta 1918, wadda ta sauka Ikko ta jirgin ruwa, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Kano, ta hallaka jama'a masu yawa. A zamanin nan babu wanda ya san ƙwayar da ke kawo ta, balle a auna ta. Sai a 1933 aka fara gano ƙwayar murar 'yan Adam a Ingila.

A zamaninmu an yi annoba biyu da suka sa tsinken auduga ya shiga ƙauyuka. Ta farko ita ce korona. An tabbatar da mutum na farko a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, a Ikko. Cikin watan Afrilu na shekarar ta iso Kano da Jigawa. A lokacin nan jihohin Arewa suka yi ta mayar wa juna da almajirai, aka killace waɗanda aka kawo Jigawa, aka shafo hancinsu aka auna, kana aka sallame su zuwa ga iyayensu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci a kan korona ran 5 ga Mayu 2023, amma ƙwayar ba ta ƙare a duniya ba.

Ta biyu ita ce mashaƙo. Ran 1 ga Disamba 2022 aka sanar da Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, wadda a ke kira NCDC, cewa ana zaton ɓullarta a Kano da Ikko. Cikin 2023 ta bazu. Kano ce ta fi shan wahala, sa'an nan ta taɓa Yobe da Katsina da Bauci da Barno da Kaduna da Jigawa, har da ƙasar Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Mafi yawan waɗanda ta kama yara ne daga shekara 1 zuwa 14, mafi yawansu kuma ba a yi musu allurar rigakafi cikakkiya ba. Wanda ya san yawan motocin da ke kai da kawowa tsakanin Kano da Dutse, da taron da a ke yi a kasuwar Shuwarin da ta Sara, ya san cutar da ta shiga Kano ba ta da nisa da ƙofar gidansa.

3. Mashaƙo da alamunta

Tun da mashaƙo ce ta fi kisa cikin gaggawa, ya kamata ko wane Hakimi ya san kamanninta. Daga ranar da ƙwaya ta shiga jiki zuwa ranar da ciwo zai bayyana kwana 2 ne zuwa 5 galibi, wani lokaci har 10. Yaro yakan fara da zazzaɓi mara tsanani da ciwon maƙogwaro, ya ƙi abinci. Bayan kwana biyu ko uku sai wata yana mai kauri, toka-toka, ta shimfiɗu a maƙogwaro. Tana manne sosai, in an kankare ta sai jini. Wuya yakan kumbura, murya ta dushe, numfashi ya riƙa ƙara.

Cutar tana kisa ta hanya biyu. Ko dai yanar nan ta toshe hanyar iska, ko kuwa dafin da ƙwayar ke fitarwa ya bi jini ya lalata zuciya da jijiyoyi. Wannan na biyu yakan zo bayan mako ɗaya ko fiye, sa'ad da iyaye su ke tsammanin yaro ya sami sauƙi. Cikin mutum ɗari da suka kamu, 5 zuwa 10 kan mutu ko da an yi magani, adadin kuma yakan fi haka nesa inda magani ya makara.

Wani Bajamushe mai suna Edwin Klebs ya fara ganin ƙwayar a 1883, Friedrich Loeffler kuma ya raine ta a ɗakin awo a 1884. A 1890 Emil von Behring da abokin aikinsa Kitasato, mutumin Japan, suka nuna hanyar samun makarin dafi daga jinin dabba. Har yau daga jinin doki a ke yin makarin dafin mashaƙo. Abin lura a nan shi ne makarin yana kama dafin da ke yawo cikin jini kaɗai. Wanda ya riga ya shiga naman zuciya ya wuce. Don haka ne likita ba ya jiran amsar awo kafin ya ba da magani. Yakan shafo samfur, nan take ya soma magani, amsa ta iske shi daga baya.

4. Tsinken da kwalbarsa

Tsinken ba na tsintsiya ba ne, ba kuwa irin na sakace kunne ba. A masana'anta a ke yinsa, a kashe duk wata ƙwaya da ke jikinsa, a rufe shi cikin takardarsa shi kaɗai. Ko da ya ke an saba ce masa na auduga, na awon bairas jikinsa roba ne, kansa kuma zaren roba mai laushi, gama itace da audugar gona sukan ɓata irin wannan awo. Busasshe ne, babu magani ko kaɗan a kansa. Sau ɗaya a ke aiki da shi, ga mutum ɗaya.

Ko wane tsinke yana da 'yar kwalbarsa mai murfi. Ta awon bairas tana da ɗan ruwa, sau da yawa ja-ja, wanda ke tsare ƙwayar kada ta lalace a hanya. Ta awon mashaƙo tana da wani abu mai kauri kamar kamu, fari ko baƙi, mai hana ƙwayar bushewa. Hakimi yana da ikon ya ce a buɗe takardar tsinken a gaban mai gida, kowa ya gani sabo ne. Ma'aikacin kirki ba zai ƙi wannan ba.

5. Yadda a ke ɗaukar samfur

Wannan aikin ma'aikacin lafiya ne wanda aka koya wa. Ba a yarda wani ya gwada ba, ko da malamin Hakimi ne. An bayyana shi a nan don a san abin da za a gani.

Ma'aikaci yakan wanke hannu, ya sa safar hannu da takunkumi da abin kare ido. Ba ƙyamar majiyyaci ya ke yi ba. Mutum yakan yi tari ko atishawa sa'ad da tsinke ya taɓa shi, ma'aikacin kuwa gida-gida ya ke bi, in ya ɗauka zai raba wa gari. Kafin ya taɓa kowa yakan rubuta sunan majiyyaci da lamba da kwanan wata a jikin kwalba.

In na maƙogwaro ne, majiyyaci yakan zauna inda akwai haske, ya ɗaga kai, ya buɗe baki. Ma'aikaci ya danne harshe da ɗan katako mai faɗi, ya shafo bangon maƙogwaro da ƙululun nan biyu na gefe, ba tare da ya taɓa harshe ko haƙora ko kumatu ba, don bakin kowa cike ya ke da ƙwayoyi marasa cutarwa waɗanda za su rikita awo. In akwai yana, daga gefenta a ke shafowa, inda ƙwayar ta fi yawa, a hankali ƙwarai don kada ta ɓalle ta toshe numfashi. Ga wanda a ke zaton mashaƙo akan ɗauki biyu, ɗaya a maƙogwaro, ɗaya a hanci.

In na ƙuryar hanci ne, kamar na korona da mura da tarin shiƙa, tsinken siriri ne mai lanƙwasuwa. Ba sama a ke tura shi ba. Kwance ya ke bi ta ƙasan hanci, bisa ganɗa, har ya kai inda hanci ya haɗu da maƙogwaro. A bar shi 'yan daƙiƙu, a murza, a zare. Yakan sa ƙwalla da ƙaiƙayi, wani lokaci ɗan haɓo kaɗan, amma ba ya zuwa kusa da ƙwaƙwalwa, akwai ƙashi tsakani. Ƙaramin yaro uwarsa ce ke rungume shi a cinya, ta riƙe hannuwansa da goshinsa. Inda matan aure ke kulle, daidai ne mai gida ya nemi a turo ma'aikaciya mace, ya kamata kuwa Hakimi ya faɗi haka tun a saƙonsa na farko don kada a yi zuwa biyu.

Lokaci yana da muhimmanci. Ƙwayar bairas ta fi yawa a kwanakin farko na ciwo. Ƙwayar mashaƙo kuwa takan ɓace daga maƙogwaro da zarar an sha kafso, ko da dafinta yana nan yana ɓarna. Wanda ya sayi magani a kemis ko a faifan 'yan talla ya ba yaro kwana uku kafin ya kai shi asibiti ya ɓata sawun ɓarawo. In an riga an ba da wani magani, lalle a gaya wa ma'aikaci sunansa da ranar da aka fara, ba abin kunya ba ne.

6. Tafiyar samfur

Yawancin samfurin da ke lalacewa a hanya ya ke lalacewa. A bazara zafin ƙasar Dutse yakan wuce digiri 40, samfur kuwa yana bukatar sanyi na digiri 2 zuwa 8, watau sanyin firji, ba daskarewa ba. Akan rufe kwalba sosai, a naɗe ta da abin da zai tsotse ruwa in ta fashe, a sa ta cikin wani mazubi, shi kuma a sa shi cikin akwatin sanyi mai ƙanƙara, irin wanda masu allurar rigakafi ke ratayawa. Rufi uku ke nan. Takardar bayani tana tafiya tare, amma a cikin leda dabam don kada ta jiƙe.

Na mashaƙo an fi so ya isa ɗakin awo cikin kwana ɗaya, kada ya wuce biyu. Na bairas yana iya kwana uku cikin sanyin nan, in zai wuce haka sai an daskarar da shi a injin da sanyinsa ya kai digiri 70 ƙasa da sifiri, irin wannan kuwa sai manyan ɗakunan awo.

Ko wace ƙaramar hukuma cikin 27 na Jigawa tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Shi ke karɓar rahoto, ya zo ya duba, ya ɗauki samfur ko ya sa a ɗauka, ya miƙa wa ofishin da ke lura da annoba a Ma'aikatar Lafiya a Dutse. Daga can a kai ɗakin awon da hukuma ta amince da shi don irin wannan cuta. Babban ɗakin awo na ƙasa yana Gaduwa, a Abuja, ƙarƙashin NCDC. A Kano kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin wuraren da a ke ɗibar samfurin masu mura a kai a kai, don a san irin murar da ke yawo a ƙasa. Majiyyacin da ciwonsa ya tsananta akan tura shi babban asibiti, kamar Babban Asibitin Dutse, ko na Rasheed Shekoni, ko asibitin Tarayya na Birnin Kudu, gwargwadon umurnin likita.

Da damina, sa'ad da rafuka suka cika, hanyoyin ƙasar Miga da Jahun da na wasu ƙauyukan Gwaram sukan yanke. A nan taimakon Hakimi da dagaci ya ke da rana. Babur ko kwalekwale da aka samar cikin sa'a guda ya fi alkawarin mota gobe.

7. Abin da a ke yi a ɗakin awo

Hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce shuka. Akan shafa tsinken bisa wani faranti mai abincin da ƙwayar ke so, a ajiye shi cikin ɗumi daidai da na jikin mutum. Bayan kwana ɗaya ko biyu ƙwayar mashaƙo takan tsiro ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Amma ba ko wace ƙwayar mashaƙo ke da dafi ba. Saboda haka sai a sake wani gwaji, wanda a ke kira da sunan likitan da ya ƙago shi, Elek, don a ga ko tana fitar da dafi. Shi ma yana cin kwana ɗaya ko biyu. In aka haɗa da kwanakin hanya, amsa takan kai mako. Jinkirin nan ba sakaci ba ne, ƙwaya ba ta tsirowa don an matsa mata.

Ta biyu ita ce wadda a ke kira PCR, wadda wani Ba'amurke, Kary Mullis, ya ƙago a 1983. Ko wace ƙwaya tana da wani rubutu na halitta a cikinta wanda ya bambanta ta da sauran. Injin yakan nemi ɗan yankin rubutun nan ya ninka shi, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. Wanda ya ɗauki ƙwayar gero ɗaya ya yi ta ninkawa haka sau 30 zai sami fiye da miliyan dubu. Ta haka abin da ya yi ƙanƙanta ga ido ya kan yawaita har inji ya gan shi. Wannan awo sa'o'i kaɗan ya ke ci, da shi aka auna korona.

Ta uku ita ce awon nan take, da ɗan allon roba mai nuna layi ɗaya ko biyu cikin minti 15 zuwa 30, kamar na zazzaɓin cizon sauro da kowa ya sani. Yana da sauri, amma yakan kuskure cutar in ƙwaya ba ta da yawa.

8. Ma'anar amsa

In amsa ta ce an sami ƙwaya, to, an tabbata. Sai a bi duk waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da majiyyaci, ko suka ci kwano ɗaya, ko suka zauna tabarma ɗaya a makarantar allo ko aji. In mashaƙo ce, akan shafo nasu maƙogwaron, a ba su maganin kariya, a yi musu allura, a sa musu ido kwana 10. A nan ne jama'a kan yi gardama, su ce don me za a auna mai lafiya. Dalili shi ne mutum yana iya ɗauke da ƙwayar a maƙogwaronsa makonni, shi bai kwanta ba, yana raba wa yara.

In amsa ta ce ba a samu ba, wannan ba ya nufin lalle babu cutar. Watakila an sha magani kafin a ɗauka, ko samfur ya sha zafi a hanya, ko tsinke bai kai inda ya kamata ba. Likita shi ke haɗa amsa da abin da idonsa ya gani ya yanke hukunci. Kada iyaye su tsai da magani don sun ji an ce ba a samu ba. Maganin mashaƙo mako biyu a ke sha, bayan an gama kuma akan sake shafowa sau biyu, da tazarar kwana guda, don a tabbata ƙwayar ta fita.

Tarin fuka shi dabam ne. Ƙwayarsa can cikin huhu ta ke, saboda haka kaki a ke aunawa, wanda majiyyaci ya taro daga ƙirji ya tofa a ɗan gwangwani. Duk wanda ya yi mako biyu yana tari a tura shi awo. Awon da maganin kyauta ne a asibitocin Gwamnati da aka keɓe.

9. Jita-jita da wanzamai

Akan ce tsinken yana ɗauke da cutar, ko yana hana haihuwa, ko kuwa ana sayar da abin da aka ɗiba. Amsar duka ita ce a buɗe sabon tsinke a gaban jama'a, a bar dattijo ya duba, ya sansana. Gani ya kori ji. Ƙasar Hausa ta riga ta ga abin da jita-jita kan jawo. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda irin wannan magana, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Da sarakuna da hakimai suka shige gaba, suna ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, sai al'amari ya juya, har aka shaida Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji ran 25 ga Agusta 2020.

Akwai kuma al'adar kai yaro mai ciwon wuya wurin wanzami a cire masa beli, ko a sa yatsa a fasa abin da ke maƙogwaro. In mashaƙo ce wannan ganganci ne babba. Yanar tana iya ɓallewa ta shaƙe yaro nan take, rauni yana buɗe wa dafi hanya, askar kuma ta kai ƙwayar bakin yaro na gaba. Wanzamai mutane ne masu daraja a gari, su ne kuma kan fara leƙa maƙogwaron yara kafin kowa. Ya kamata Hakimi ya kira Sarkin Aska da mutanensa, a sa malamin asibiti ya kwatanta musu yanar nan, a roƙe su duk wanda ya gan ta ya mai da askarsa kube ya aika wa mai unguwa.

10. Aikin Hakimi

(a) Ya umurci dagatai da masu unguwanni su kawo rahoto a ranar da suka ji yaro mai ciwon wuya da kumburi, ko mutum biyu uku masu tari da zazzaɓi a gida ɗaya, ko kaji suna mutuwa da yawa. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Nijeriya a 2006, tana kuwa iya kama mai kiwo.

(b) Ya sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma nan da nan ta waya, takarda ta biyo baya, kana ya sanar da Fadar Mai Martaba. Lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232.

(c) Ya haɗa ma'aikata da wakilinsa, don baƙo ba ya shiga gidan mutum shi kaɗai.

(d) Ya hana a tsangwami gidan da cuta ta shiga. Gidan da aka kunyata, makwabcinsa zai ɓoye nasa majiyyacin.

(e) Ya tuna wa limamai da masu shela zancen rigakafi. Allurar da ke kare jariri daga mashaƙo da tarin shiƙa sau uku a ke yi, yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, kyauta. Wanda aka yi wa ɗaya aka bar biyu bai gama samun kariya ba.

11. Aikin malamin Hakimi

Samfurin da ba a san mai shi ba ya zama banza, ko da an kai shi Abuja cikin sanyi. A ƙauye ɗaya ana iya samun yara biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Saboda haka malami ya buɗe littafi dabam, ya ja layuka, ya rubuta sunan majiyyaci da laƙabinsa, sunan mai gida, unguwa da ƙauye da gunduma, shekaru, namiji ko mace, ranar da ciwo ya fara, ranar da aka ɗauki samfur, lambar da ke jikin kwalba, ko an yi rigakafi, da lambar wayar wani na gidan. Ya bar layi na ƙarshe don amsa. Ya tabbata yadda ya rubuta suna haka ma'aikaci ya rubuta a fom. In mako ya wuce ba amsa, ya tuntuɓi jami'in sa ido, ya ambaci lambar.

Littafin nan amana ne. Ba a karanta shi a zaure, ba a ɗaukar hotonsa a aika ta waya. Ga misalin rahoton da dagaci zai aiko:

"Gaisuwa mai yawa da ban girma. Bayan haka, ranka ya daɗe, ina sanar da kai a unguwa kaza, gidan wane, akwai yarinya 'yar shekara 6, yau kwananta 3 da zazzaɓi da kumburin wuya, ba ta iya haɗiya. Akwai yara 4 a ɗakin. An ba ta kafso jiya. Ba a kai ta wurin wanzami ba. Matan gidan suna kulle. Hanya tana biyuwa da babur. Haza wasalam."

Rahoto irin wannan, gajere mai kwanan wata, ya ishi jami'i ya san abin da zai ɗauko kafin ya taso.

Tambayoyi don bita

1. Don me likita ba ya jiran amsar awo kafin ya ba mai mashaƙo magani?
2. Kawo abubuwa uku da kan sa a ce ba a sami ƙwaya ba alhali kuwa akwai cutar.
3. Don me a ke auna mutanen gida waɗanda ba su kwanta ba?
4. Wane sanyi samfur ya ke bukata, kwana nawa kuma zai iya yi a hanya?
5. Me Hakimi zai roƙi Sarkin Aska?

Ana roƙon ko wane Hakimi ya sa a karanta wannan bayani a taron dagatai na farko bayan isowarsa, malami kuma ya ajiye kofe ɗaya tare da littafin rahoto. Allah ya kiyashe mu da annoba, ya ba Sarki da talakawansa lafiya, amin.